Koyar da Halin Kirki a Firamare ta Hanyar Al'adunmu na Gargajiya

Yawancin masu karanta wannan takarda sun san mu da rabon hatsi da taki, da haƙa rijiyoyi, da taimakon waɗanda rikici ya kora daga gidajensu. Wani zai iya tambaya, me ya haɗa mu da zancen tatsuniya da karin magana a makarantar firamare? Amsar tana cikin kukan da iyaye suke kawo mana a duk inda muka kai ziyara. A taron zumuntar mata, da na dattawan ikilisiya, har da zaman da mukan yi da masu unguwa da limamai, maganar ɗaya ce. Yaro yana zuwa makaranta, ya iya rubuta sunansa, amma bai iya gaida manya ba, ba a aikensa ya kawo canji daidai, kuma abin da ya fi tayar da hankali, ya fara kiran ɗan maƙwabci da sunayen da ya ji a bakin manya lokacin tashin hankali. Rijiyar da muka haƙa yau, waɗannan yaran ne za su riƙe ta nan da shekara ashirin. In ba su koyi riƙon amana da zama da juna ba, sai dai a sake haƙa wata.

A makarantun gwamnati akwai darussan da aka tanada domin tarbiyya. A manhajar da aka fitar a 2007 an sa darasin zama ɗan ƙasa nagari. Da aka yi mata gyara a 2012, sai aka tattara darussan addini da na zaman jama'a a ƙarƙashin inuwa ɗaya, abin da ya jawo ƙorafi daga Kirista da Musulmi duka, har aka sake raba su a 2017. Ba mu da ja da waɗannan darussa. Amma duk wanda ya taɓa zama a bayan aji ya san yadda ake yin su. Malami ya rubuta ma'anar gaskiya da Turanci a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa. Yaron da ya saci amsa daga littafin abokinsa yakan iya cin maki goma bisa goma a tambayar da ta shafi gaskiya.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Idan lokacin darasin addini ya yi, aji yakan rabu biyu. 'Ya'yan Kirista su bi malaminsu, 'ya'yan Musulmi su bi nasu. Wannan daidai ne, domin kowane uba yana da iko a koya wa ɗansa addininsa. Sai dai sakamakonsa shi ne, a daidai sa'ar da ake maganar nagarta da mugunta, yaran ba sa tare. Tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, kuma makaranta na cikin 'yan wuraren da suka rage inda yaran ɓangarori biyu suke zama a benci ɗaya. A ganinmu ya kamata a sami wani lokaci a mako da za su ji maganar halin kirki tare, da harshen da suke wasa da shi, daga abin da kakanninsu duka suka sani.

Abin da kakanninmu suka kira mutumin kirki

Ba mu ne muka fara lura da wannan dukiya ba. Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aikin mulki a Adamawa, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Oxford, ya buga wani ɗan littafi a 1974 a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki. Ya tsamo halaye goma daga maganar mutane ta yau da kullum: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk cikinsu babu kalmar da yaro ɗan aji uku a Pankshin ko Kaltungo ko Kafanchan bai taɓa ji a gida ba. Fulani suna da nasu, wato pulaaku, wanda ya ƙunshi kunya da haƙuri da hankali. Yarbawa suna cewa omoluabi. Farfesa Babs Fafunwa, a littafinsa na tarihin ilimi a Nijeriya wanda shi ma ya fito a 1974, ya nuna cewa gina hali da girmama manya suna cikin manyan manufofin tarbiyyar gargajiya tun kafin zuwan boko.

Yadda ake koyar da su a da shi ne abin dubawa. Ba wanda ya zaunar da yaro ya ba shi ma'anar karamci. Yakan ga uwarsa ta kai wa baƙo ruwa kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Yakan ji labari da dare, a yi masa karin magana idan ya yi kuskure, a sa shi aiki tare da sa'o'insa. Ɗa na kowa ne, in ji mutanen da, shi ya sa maƙwabci yake da bakin tsawata wa yaron da ba nasa ba. Yau dandalin ya mutu a garuruwa da yawa, kaka tana ƙauye jikoki suna birni, da dare kuma kowa yana kan waya ko talabijin. A sansanonin 'yan gudun hijira da aka buɗe bayan hare-haren 2014 a Borno da Adamawa, mun ga yara da dama da ba su da wani tsoho a kusa da zai ba su labari ko ɗaya.

Tatsuniya a cikin aji

Da zarar malama ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” aji ya amsa “Ta zo mu ji ta,” surutu yakan mutu ba tare da an ɗaga bulala ba. Wannan kaɗai ya isa a gwada. (Mun san akwai camfin da ke cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata. Dabara ce ta iyaye don kada yara su bar aiki su zauna hira, kuma ana iya gaya wa yaran haka, su yi dariya a wuce.)

Mu ɗauki labarin Gizo da hankaki. Ana yunwa, hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi. Gizo ya roƙe su, kowanne ya ara masa gashi ɗaya har ya iya tashi. Da suka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa. Hankaki suka gaji, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a kan reshe. Malamin da bai saba ba zai gama labarin ya ce, “To yara, kada ku yi haɗama,” ya rufe. Wannan ɓarnar labari ce. Abin da ya fi amfani shi ne a tsaya a daidai inda hankaki suka fara fushi, a tambayi yara: da kai ne hankaka, me za ka yi? Shin sun kyauta da suka bar shi a tsakiyar ruwa? Wa ya taɓa ara wa wani fensir aka saka masa da irin wannan? A nan za ka ji musu na gaske. Wasu za su ce maganinsa ke nan, wasu su ce ai da sun mai da shi gaɓa tukuna. Yaran da suke wannan musu suna koyon bambancin adalci da ramuwa, ko da ba a ambaci kalmomin ba.

Wasu malamai suna gudun labaran Gizo domin sau da yawa yakan yi ƙarya ya tsira, kamar inda ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowacce tana zaton da shi take ja. Mu muna ganin wannan ne ma amfaninsu. Yara sun san a duniya maƙaryaci yakan ci riba wani lokaci, sun gani a kasuwa, sun gani a siyasa. Labarin da yake nuna mugu kullum yana faɗuwa nan take, yaro ɗan aji biyar ba ya yarda da shi. Amma in aka tambaye shi, “Kana so Gizo ya zama maƙwabcinku? Za ka ba shi ajiya?” zai gane da kansa abin da mai wayo yake asara.

Labarin 'yar bora da 'yar mowa yana da nasa nauyi. Yarinyar da ba a so a gida aka aike ta wanki a ruwa mai nisa, ta gaida duk wanda ta tarar a hanya, ta cuɗa wa tsohuwa baya ba tare da ƙyama ba, ta dawo da arziki. 'Yar gata ta bi hanyar da rashin kunya, ta dawo da wahala. A kusan kowane aji akwai maraya ko yaron da ake riƙo, wanda ya san zaman bora a jikinsa. Malama mai hankali za ta lura da wanda ya yi shiru lokacin wannan labari.

Wanda yake neman inda zai samo labarai, an tara su da yawa. Frank Edgar ya buga manyan littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya jerin Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970, kuma Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tana nan tun ƙarshen shekarun 1930. Amma rumbun da ya fi kowanne yana zaune a ƙofar gida, wato tsofaffin unguwa. Muna kuma jan kunne a nan. Yaranmu ba Hausawa kaɗai ba ne. A aji ɗaya za ka sami Berom, Ngas, Bajju, Atyap, Tangale, Bura, Bachama, Tibi da Fulani. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen sujada a ikilisiyoyi masu yawa na arewa, kuma ta yi mana amfani ƙwarai, amma tana kuma danne ƙananan harsuna. In darasin ya zama na Gizo da Ƙoƙi kaɗai, mun sake gaya wa ɗan ƙaramar ƙabila cewa gidansu ba abin ɗauka. A bar kowane yaro ya kawo labarin kakarsa, ya faɗi kalmar gaisuwa da ta godiya da yarensu, sauran su maimaita.

Karin magana da kacici-kacici ba sa cin lokaci. Minti biyar a taron safe ya isa. A rubuta “Ramin ƙarya ƙurarre ne” a allo ranar Litinin, ranar Juma'a yara su kawo misalin inda suka ga haka. A tambaye su, “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya,” in sun ce tsintsiya, a miƙa wa ɗaya tsinke guda ya share aji da shi.

Gayya, adashi da wasan barkwanci

Halin kirki ba ya zama a kunne kawai, sai hannu ya taɓa. Gayya tsohuwar hanya ce da kusan kowace ƙabila a yankinmu take da ita da sunanta: yau a taru a nome gonar wannan, gobe ta wancan, a yi wa gwauruwa da marar lafiya ba tare da jiran lada ba. Makarantar da take da ɗan fili tana iya raba yara rukuni-rukuni, a gauraya su da gangan ba bisa addini ko yare ba, kowane rukuni da kunyoyinsa na gyaɗa ko kuɓewa, amma ranar shuka da ranar cira a yi gayya. Sai mu faɗi gaskiya a nan, domin iyaye sun sani: gayya daban, kai yara gonar malami daban. Amfanin da aka samu na makaranta ne, a lissafa shi a gaban yara, a sayi alli ko ƙwallo da kuɗin. Haka ma ƙaramin adashi ga 'yan aji biyar da shida, inda yaro ɗaya yake riƙe littafi, wani yake ƙirga kuɗi a gaban kowa. Yaron da aka ba ajiyar kuɗin abokansa ya mayar cif ya san amana fiye da wanda ya haddace ma'anarta.

Wasan barkwanci yana bukatar a yi maganarsa da kulawa. Kakanninmu sun ƙulla wasa tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, har tsakanin al'ummai: Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa. Ƙa'idarsa ita ce abokin wasa yana iya tsokanarka ba ka fushi, amma kuma ba ka cutar da shi, in ya shiga wahala kai ne na farkon taimako. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki abin da muhimmanci, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Yaran da suka taso suna jin labarin kashe-kashe tsakanin makiyaya da manoma sukan yi mamaki in suka ji cewa Bafulatani da mutumin Tibi abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ba muna cewa a sa yara su riƙa tsokanar juna a aji ba, domin inda rauni bai warke ba wasa yakan koma faɗa. Abin da ya dace shi ne a gayyato dattawa biyu da suke da wannan wasa a tsakaninsu, su zo su ba da tarihinsa, yara su gani da idonsu.

Sai an tankaɗe

Wasu iyaye a ikilisiya suna ɗari-ɗari. Da sun ji an ce al'ada, sai hankalinsu ya tafi ga tsafi da dodanni, abubuwan da kakanninsu suka bari da tsada lokacin da suka karɓi bishara. 'Yan'uwanmu Musulmi ma suna da irin wannan damuwa game da bori da camfi. Damuwar tana da tushe, kuma amsarmu a fili take: ba a kawo yanka, ko rantsuwar tsafi, ko wata sujada cikin aji. Abin da ake ɗauka shi ne labari, karin magana, wasa, aikin gayya da ladabin gaisuwa. Littafi Mai Tsarki kansa yana da littafi guda na karin magana, kuma Ubangijinmu ya yi koyarwa da misalai na shuka, da tumaki, da fitila, abubuwan da masu jinsa suka sani a gida. Bukukuwa irin su Nzem Berom a Jos, da Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham a ƙasar Jaba, masu bi da yawa suna halartarsu domin tarihi da zumunci.

Amma tankaɗen da ya fi muhimmanci ba a nan yake ba. Cikin tatsuniyoyi da barkwancinmu akwai waɗanda suke mai da makaho da kuturu da gurgu abin dariya. Akwai labaran da kullum Bagwari ko Bafulatani ko Bamaguje ne wawa. Akwai karin maganar da take ƙasƙantar da mace. Waɗannan ba su da wuri a aji, sai dai ga manyan yara in za a tambaye su ko adalci ne. Zargin maita da ake ɗora wa yara da tsofaffin mata ya raba iyalai da yawa, bai kamata labarin da zai ƙarfafa shi ya fito daga bakin malami ba.

Ita kanta kunya, da haƙuri, ana iya karkatar da su. Yarinyar da aka koya mata cewa kunya ita ce rufe baki, in wani babba ya taɓa ta inda bai kamata ba, ba za ta faɗa ba. Yaron da aka ce masa babba ba ya laifi zai haɗiye zalunci ya kira shi ladabi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito tun 2003, amma doka ba ta shiga inda yaro ya yi shiru. Saboda haka duk malamin da zai koyar da kunya, wajibi ne ya haɗa da cewa abin kunya na wanda ya yi laifin ne, kuma faɗa wa uwa ko malama ba rashin ladabi ba ne.

Maganar harshe

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Gwajin da Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi guda, ya nuna yaran ba su yi baya ba, har a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare, sai kuma a watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Turanci. Masana suna ta muhawara a kai. Ko yaya ta kaya, abin da muke magana a kai ba ya bukatar jiran Abuja. Taron safe, lokacin tara, darasin harshen gida, darasin zane da al'adu, da ranar taron iyaye da malamai duk suna hannun hedimasta. Makarantun ikilisiya da Makarantar Lahadi suna da 'yanci fiye da haka.

Wahalar da za a tarar sananniya ce. Malamai da yawa matasa ne da su ma ba su taso da tatsuniya ba, aji ɗaya yakan cika har wasu su zauna a ƙasa, albashi kuma yakan makara. Shi ya sa bai kamata a ɗora wa malami kaya shi kaɗai ba. Inda abin yake tafiya, za ka tarar ƙungiyar iyaye da malamai ta zaɓi tsofaffi uku ko huɗu daga ɓangarorin gari daban-daban, maza da mata, Kirista da Musulmi, suna zuwa bi da bi sau ɗaya a mako na rabin sa'a. Malami yakan zauna da tsohon kafin ranar, ya ji labarin, su yarda a kan abin da za a faɗa da abin da za a bari. Manyan yara su rubuta labarin a littafi na musamman da za a ajiye a ofishin hedimasta, da sunan ƙauyen da ya fito da harshen da aka faɗe shi.

Muna roƙon fastoci, shugabannin zumuntar mata da na matasa su kawo wannan magana a taronsu na gaba, su kuma tuntuɓi masu unguwa da limaman da suke maƙwabtaka da su kafin a je wurin hedimasta, don kada a ɗauka shirin ɓangare ɗaya ne. Duk ikilisiya ko makarantar da take da tsofaffin da suka yarda su zo, ta ba ma'aikatanmu sunan makarantar da adadin azuzuwan idan sun zo zagaye, domin mu san yawan littattafan rubutu da iri na gonar makaranta da za mu tanada kafin damina.